Mene ne bambancin mai rubuta kod da injiniyan manhaja na ƙwarai?

Tambaya: Na koyi JavaScript da Python, na gina ƙananan manhajoji kuma duk suna aiki. Amma wani babba a wurin aikinmu ya duba kod ɗina ya ce wai yana aiki amma ba zai gyaru ba. Me ke sa a kira mutum injiniya na ƙwarai? In dai manhaja tana yin abin da aka gina ta dominsa, ina ruwan wani da yadda cikinta yake?

Amsa: Ɗan'uwa, babban naka ya faɗa maka gaskiya, kuma ka riƙe shi da kyau, domin ba kowa ke tsayawa ya karanta kod ɗin na ƙasa da shi ba. Ranar miƙa aiki kowa gwani ne. Ana gane injiniya ne bayan wata shida ko shekara biyu, lokacin da aka zo canza wani abu, wataƙila shi ya ma bar wurin. Idan wanda ya gaje shi ya karanta ya fahimta, ya canza abu ɗaya ba tare da biyar sun lalace ba, kuma yana da hanyar tabbatar da hakan kafin masu amfani su gani, to an yi aikin injiniya.

Dalili shi ne manhajar da mutane ke amfani da ita ba ta zama yadda aka bar ta. Ɗauki harajin VAT a Najeriya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari daga 1 ga Fabrairu 2020. A ce manhajar wani kanti an rubuta mata 0.05 kai tsaye a wurin lissafin rasit, da wurin rahoton wata, da wurin mayar da kaya, da wasu wurare goma. Mai gyara zai ce bari ya nemo duk 0.05 ya maye gurbinsu da 0.075. To amma biyu daga ciki ba haraji ba ne, rangwamen kashi 5 ne da ake yi wa masu sari, wani wuri kuma an rubuta shi a matsayin 5/100 don haka binciken bai kama shi ba. Sai a wayi gari rasit na faɗin wani abu, rahoto na faɗin wani. Wanda ya ɗan fi hankali zai ajiye adadin a wuri guda da suna bayyananne. Injiniya na ƙwarai kuwa zai ƙara da tambaya: wanda ya sayi kaya a Janairu ya dawo da su a Fabrairu, da wane adadi za a mayar masa? Wannan tambayar ce ke kai shi ga ajiye kowane adadin haraji tare da ranar da ya fara aiki, da kuma rubuta adadin da aka caja a jikin kowane rasit. Dukansu ukun manhajarsu tana aiki a Janairu. Bambancin bai fito ba sai da doka ta canza.

Kada ka ɗauka ƙananan kantuna kaɗai abin ke ci. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka, ya yi asarar sama da dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45. Ya kamata duk mai koyon wannan sana'a ya san yadda abin ya faru. A cikin manhajarsu akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003, amma ba a goge shi ba. A 2005 aka ɗauke kod ɗin da ke ƙirga hannun jarin da aka riga aka saya zuwa wani wuri, ba a sake gwada tsohon sashen ba tunda ai ba ya aiki. Da aka zo ƙara sabon tsari a 2012, maimakon a ƙirƙiro sabuwar alamar kunnawa, sai aka ari tsohuwar alamar Power Peg aka ba ta sabuwar ma'ana. Sabobinsu, wato kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu, takwas ne, ma'aikaci ya ɗora sabon kod da hannu a kan bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa, kuma babu mutum na biyu da ya duba. Da kasuwa ta buɗe, saba ta takwas ta ga alamar, ta tayar da tsohon kod, shi kuwa ba shi da mai gaya masa an kammala oda, sai ya yi ta aikawa babu tsayawa. Oda 212 ta haifar da ciniki sama da miliyan 4. Tun kafin buɗe kasuwa na'urar ta aika saƙonnin imel 97 masu ambaton Power Peg, ba wanda ya ɗauke su a matsayin gargaɗi. Da suka rikice, sai suka cire sabon kod daga sabobi bakwai masu lafiya, abin ya ƙara muni. Duba jerin da kyau: mataccen kod da aka bari, alama ɗaya mai ma'ana biyu, ɗora kod da hannu, rashin mai dubawa, gargaɗin da ba mai karantawa. Babu ko ɗaya da ke buƙatar zurfin lissafi. Dukansu rashin tsaftar aiki ne, irin wanda ake cewa za a gyara in an samu lokaci.

Abu na biyu da ke kashe manhaja shi ne zaton da ba a rubuta ba. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou ranar 4 ga Yuni 1996. An ɗauko kod ɗin na'urar gane matsayi daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. A cikinsa ana mayar da wata ƙima mai bit 64 zuwa lamba mai bit 16, wadda iyakarta 32,767. A Ariane 4 ƙimar ba ta kaiwa can, don haka ba a sa kariya ba. Ariane 5 ta fi saurin tafiya a kwance, ƙimar ta haura iyaka, na'urar ta tsaya, ta ajiya ma ta tsaya domin kod ɗinsu ɗaya ne. Shi ya sa duk inda kod ɗinka ya dogara da wani zato, misali cewa adadi ba zai zo ƙasa da sifiri ba ko jerin ba zai zo fanko ba, ka sa dubawa a wurin, ta yadda in zaton ya karye manhaja za ta yi ƙara nan take da saƙo mai ma'ana. Kuskuren da ya fito fili a ranar farko ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wanda ya yi wata uku yana ɓata bayanai a ɓoye.

Yanzu ga abubuwan da mai duba kod ke fara kallo. Na farko sunaye. Ma'ajiya mai suna x2 ko data ba ta gaya wa kowa komai, amma jimillarKobo ta faɗi abin da ke ciki har da ma'auninsa. Sa ma'auni a cikin suna ba ƙawa ba ne: kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a Satumba 1999 saboda wani ɓangare na manhajar yana fitar da ƙima da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana karɓa a matsayin ma'aunin niyuton. Na biyu girman fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira don ya yi wani aiki. Idan fankshin ɗaya yana karanta fom, yana lissafi, yana rubutawa a rumbun bayanai, yana aika saƙon tes, to ba za ka iya gwada lissafin ba sai ka aika tes na gaske. Ware lissafin shi kaɗai: a ba shi lambobi, ya mayar da lamba, kada ya taɓa rumbu ko intanet. Ma'auni mai sauƙi shi ne, in ba za ka iya faɗin aikin fankshin a jimla ɗaya ba tare da “sannan kuma” ba, ya kamata a raba shi. Na uku sharhi. Kada ka rubuta abin da layin yake yi, mai karatu na gani. Rubuta dalili: me ya sa ake jiran daƙiƙa 30 a nan, wace doka ce ta sa aka ware wannan rukunin.

Akwai wasu ramuka da mai gina manhaja don mutanenmu zai ci karo da su, kuma a kansu ake saurin gane wanda ya san aiki. Kuɗi ba a ajiye shi a lamba mai ɗigo. Buɗe Python ko JavaScript ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, saboda kwamfuta ba ta iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai a tsarin lissafinta. Ajiye naira 1,250.50 a matsayin kobo 125050, cikakkiyar lamba, sai a wurin nunawa ka raba da 100. Haka Paystack ma, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, ke karɓar adadin naira, a kobo. Amma rabawar ta zauna a wuri guda, tare da sunan kuɗin, domin ranar da manhajar ta tsallaka Nijar za ka tarar sefa ba ta da ɗigo a ƙa'idar kuɗaɗen duniya ta ISO 4217. Lambar waya kuma rubutu ce, ba lambar lissafi ba. In ka ajiye ta a matsayin lamba, sifirin farko zai faɗi, kuma sauran lambobi goman sun wuce 2,147,483,647, iyakar gurbi mai bit 32. Haka lambar asusun banki mai lambobi 10 da ka iya farawa da sifiri. Ajiye lambar waya da sigar ƙasa da ƙasa, +234 ko +227, kada kuma ka kafe cewa dole sai lambobi 11, tunda na Nijar 8 ne.

Sai sunaye irin su Sa'adatu, Mu'azu da Ja'afar. Idan kana haɗa umarnin SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai da shi, ta hanyar manna abin da mutum ya rubuta a cikin jimlar, wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan za ta rufe jimlar kafin lokaci, rajista ta ƙi. Wasu sai su hana alamar gaba ɗaya, su tilasta wa mutane ɓata sunansu. Wannan ba gyara ba ne, domin ƙofar da sunan Sa'adatu ya bankaɗo ita ce ɓarawo zai bi ya cusa nasa umarnin ya kwashe rumbun. Gyaran shi ne umarni mai gurbi: ka rubuta jimlar SQL da alamar tambaya a inda ƙima za ta shiga, ka miƙa ƙimar daban, laburaren rumbu ya haɗa su. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna buƙatar tsarin adana haruffa na UTF-8 tun daga fom har rumbu, a rumbun MySQL ka zaɓi utf8mb4. Ka kuma yanke shawara tun wuri ko wanda ya nemi Kasimu zai samu Ƙasimu, don yawancin masu amfani ba su da harafin a allon wayarsu.

Lokaci ma haka. Ajiye shi da agogon duniya na UTC, ka juya zuwa na gida a wurin nunawa. Najeriya da Nijar suna gaba da UTC da awa ɗaya, don haka cinikin ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa cikin jiya idan rahoton yini ya bi agogon saba. Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne cirar kuɗi sau biyu. Waya ta aika buƙata, saba ta cire kuɗi, amsa ta ɓace a hanya saboda netwok, waya ta sake aikawa. Maganin shi ne kowace mu'amala ta zo da lambar shaida tata tun daga wayar, rumbu kuma ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. In ta sake zuwa a mayar da amsar farko. Cirewa daga wannan asusu da zubawa a wancan su kasance cikin mu'amalar rumbu guda, ko duka su tabbata ko duka su koma. Wanda ya gwada manhajarsa a kan intanet mai ƙarfi na ofis kaɗai ba zai taɓa ganin wannan matsalar ba.

Duk wannan ba ya ɗorewa sai da gwaji mai gudanar da kansa. Amfanin gwaji ba tabbatar da aikin yau ba ne kawai, shi ne ke ba mai gyara na gobe ƙarfin halin taɓa kod. Fara da inda kuskure ya fi tsada: kuɗi, izinin shiga, da duk abin da ke goge bayanai. Gwada bakin iyaka: sifiri, ƙasa da sifiri, fanko, adadi mafi girma, 29 ga Fabrairu, danna maɓalli sau biyu a jere. Duk kuskuren da aka kawo maka, fara rubuta gwajin da zai faɗi saboda shi, sannan ka gyara har ya wuce. Ta haka ba zai dawo a ɓoye ba. Gwaje-gwajen su kammala cikin 'yan mintuna, su gudana da kansu a kan kowane canji, domin in suna cin awa guda mutane za su daina jira. Gwajin da yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an canza komai ba, a gyara shi ko a cire shi, don yana koya wa mutane yin biris da jar alamar faɗuwar gwaji.

A Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, kowane kwamit, wato ajiya guda a wannan tarihin, ya ɗauki canji ɗaya, saƙonsa ya faɗi dalili. Ranar da abu ya lalace ba a san tun yaushe ba, umarnin git bisect zai raba tarihi biyu-biyu ya gano mai laifi cikin kwamit 1,000 da gwaji kusan 10, amma in kwamit ɗin da ya gano ya taɓa fayil 80 a lokaci guda, an dawo gidan jiya. Kalmar sirri da mabuɗin shiga kada su taɓa shiga Git. In sun shiga, goge layin bai isa ba, sai an canza su, domin suna nan a tarihi. Wajen bita, canjin da bai wuce layi ɗari biyu zuwa uku ba shi ake karantawa da gaske. Ɗora kod a saba kuma ya zama umarni ɗaya da na'ura ke yi iri ɗaya a ko'ina, a fara da ƙaramin rukunin masu amfani, a kuma san hanyar komawa baya kafin a fara. Sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta 19 ga Yuli 2024 ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, domin ta isa ga kowa kusan lokaci guda. Ajiyar bayanai ta ko-ta-kwana da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, kada ka lissafa ta.

Laburaren da ka ɗauko na wasu, wato shiryayyen kod da ka jona a naka, nauyinsa ya hau kanka. A Maris 2016 an cire left-pad, kod mai layi 11, daga npm, taskar laburaren JavaScript, ayyuka da yawa suka kasa haɗuwa. A Disamba 2021 da aka gano ramin tsaro a laburaren Log4j, wahalar farko ga kamfanoni da dama ita ce gano inda ma suke amfani da shi. Kulle sigar kowane laburare a fayil, ka riƙa sabuntawa kaɗan-kaɗan, kuma kafin ka ƙara sabo ka duba ko har yanzu akwai masu kula da shi.

Wani gargaɗi, domin masu sabon shiga sukan zarce bayan sun ji irin wannan bayani. Kod mai gyaruwa ba shi ne mai hawa-hawa da tsare-tsare masu yawa ba. Manhajar makaranta mai ɗalibai 500 ba ta buƙatar a farfasa ta zuwa ƙananan sabis goma. Manhaja ɗaya mai sassa bayyanannu da rumbu ɗaya ta wadatar, kuma mutum ɗaya zai iya riƙe ta a kansa. In ka ga kod biyu sun yi kama, kada ka yi gaggawar haɗe su, jira sai ka ga na uku, don sau da yawa kamannin na fuska ne kawai, kamar harajin nan da rangwame. Gina wa buƙatar da ba ta zo ba shi ma kaya ne da wani zai ɗauka.

Kuma ba a cewa kada a taɓa bin gajeriyar hanya. Ward Cunningham ne ya kwatanta wannan da bashi a 1992, mu kuwa mun san bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wani lokaci dole a fitar da aiki ranar Juma'a. Injiniya na ƙwarai yana cin bashin da saninsa: ya gaya wa shugabansa abin da aka tsallake da abin da zai jawo, ya rubuta shi a jerin ayyuka, ya biya sa'ad da aka dawo taɓa wannan sashen. Idan ka gaji tsohon kod mai muni, danne sha'awar rushe shi ka sake daga farko. Yawancin layukan da suke kama da shirme an sa su ne saboda wata matsala ta gaske da ba wanda ya rubuta. Fara da gwajin da ke kama halinsa na yanzu, har da abin da kake zargin kuskure ne, sannan ka gyara sashe-sashe, kada ka haɗa gyaran tsari da canjin aiki a kwamit ɗaya.

Sauran halayen ba a kan allo suke ba. Mai kyau yana tambaya kafin ya rubuta: wa zai yi amfani da wannan, da wace irin waya, me zai faru in wuta ta ɗauke a tsakiya. Yana faɗin an samu jinkiri tun ranar da ya gani, ba ranar miƙa aiki ba. Yana karanta saƙon kuskure har ƙarshe, ya sake haifar da matsalar a gabansa, ya canza abu ɗaya a lokaci guda. In ya karɓi kod daga manhajar ƙirƙirarriyar basira, ba ya shigar da layin da ba zai iya bayyanawa ba, domin shi za a tasa da dare in ta lalace. In an yi ɓarna, yana neman gurbin da ya bar kuskuren ya wuce, ba wanda za a ɗora wa laifi ba, don inda ake farautar mai laifi mutane ɓoye kuskure suke yi.

Ga abin da za ka yi da naka kod ɗin a wannan makon. Ɗauki manhaja ɗaya, ka rubuta takardar bayani ta yadda ake tayar da ita, ka ba abokin aiki ya bi ta a kan kwamfutarsa ba tare da ka buɗe baki ba. Duk inda ya tsaya, ka gyara takardar. Nemo duk lambar da aka rubuta kai tsaye a cikin lissafi ka ba ta suna. Goge kod ɗin da ba a kira da wanda aka rufe da alamar sharhi, Git na riƙe da tarihinsa. Zaɓi fankshin mafi tsawo, ka rubuta masa gwaji biyar, sannan ka ware lissafinsa daga rumbu. Daga nan ka koma wurin babban naka da canjin a ƙananan kwamit, ka roƙe shi ya nuna maka wurare uku da suka fi damunsa da dalilin kowanne.